Furiyer da janwe: wa ke ɗauke mota daga hanya, wa ke biya?

A ƙaramar hukumar Kurni, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, manoma sun fi sanin furiyer a matsayin wurin tsare dabbar da aka kama tana yawo ba makiyayi. Dokar da ta tsara wannan ita ce ta 21 ga Yuli 2006. Amma kalmar, wadda aka aro daga Faransanci, ta shafi mota da babur ma: wurin da hukuma ke ajiye abin hawa har mai shi ya cika sharuɗɗa.

Yaushe ake kai mota furiyer?

Dokar hanya ta Nijar, mai lamba 2014-62, ita ce tushe. Yawanci ana tsare abin hawa idan ya tare hanya, ko aka yasar da shi bayan haɗari, ko direba ya kasa nuna takardu kamar lasisin tuƙi, kartgiriz da inshora. Cikin birane ƴan sanda ne ke kula da wannan aiki; a karkara da manyan hanyoyi, kamar wadda ta bi ta Matamai zuwa iyakar Ɗan Barto, jandarmomi ne.

Me ya sa ake ba ɗan kasuwa aikin?

Jami'i na da ikon ba da umarni, amma janwe, wato motar jan mota, tana da tsada, ga mai, ga direba, ga filin ajiya da mai gadi. Shi ya sa ƙasashe da dama ke miƙa aikin ga masu gareji. A Faransa, sai wanda wakilin gwamnati na gunduma ya amince da shi ke riƙe furiyer, kuma gwamnati ce ke ƙayyade iyakar farashi. A Ingila ma rundunonin ƴan sanda na ba kamfanoni kwangilar. Ko'ina mai motar ne ke biyan kuɗin ja da na kwanakin ajiya.

Mene ne tsawaita kwangila?

Idan wa'adi ya ƙare, hukuma na iya kiran sabuwar takara, ko ta ƙara wa kamfanin lokaci ta takardar gyara da ake kira abenan. Tsawaitawa na hana aiki tsayawa. Illarta ita ce toshe ƙofa ga wasu masu gareji, sai farashi ya zauna ba mai ƙalubalantarsa. Ƙa'idar UEMOA ta 9 ga Disamba 2005 ta sa takara a bayyane ta zama hanya ta farko, kuma hukumar ARCOP, wadda a da ake kira ARMP, ita ke sauraron ƙorafin ƴan kwangila.

Sai dai dokar 2024-05 ta 23 ga Fabrairu 2024 ta cire sayayya da ayyukan da ake yi wa jami'an tsaro daga waɗannan ƙa'idoji. Don haka tambayar farko kan irin wannan kwangila ita ce: wa ya sa hannu, rundunar tsaro ko ƙaramar hukuma? Tun Afrilu 2024 kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomi, bayan rushe majalisunsu.

Abin da mai mota zai nema

Ga ɗan kabu-kabu ko direban da ke kai kaya kasuwar Matamai, kowane kwana a furiyer asarar abincin gida ce. Ya nemi dalilin tsarewar a rubuce, da sunan jami'in, da bayanin halin da motar ke ciki da kayan da ke cikinta. Ya tambayi farashin da hukuma ta ƙayyade kafin ya biya. Sannan ya karɓi rasit mai hatimi: da shi ne kawai zai iya kai ƙara idan an cuce shi.