Auna sauƙin isa gari ta lissafin ɗigo da layi

Dabara ce ta lissafi da masana sufuri ke amfani da ita don gano wuraren da fasinja ke isa ba wahala. Ana mai da kowace tasha ɗigo, kowace hanyar mota kuma layi. Tushenta aikin Leonhard Euler ne na 1736 kan gadoji bakwai na birnin Königsberg. A 1953 Alfonso Shimbel ya fito da ma'aunin da ke tara mafi gajartar tazara daga ɗigo ɗaya zuwa duk sauran. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi sauƙin isa.

Misali, a takarda garin Birnin Gwari mahaɗa ce: hanyar Kaduna ta Buruku, ta Funtua da ke bi ta Dogon Dawa, da ta Tegina a Jihar Neja duk nan suka haɗu. Sai dai a shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin yankin, direbobi da dama sun ƙaurace wa waɗannan hanyoyi, wasu ba sa bi sai da rakiyar jami'an tsaro. Kilomita kaɗai ba ta isa awo a nan. Dole a ɗora wa kowane layi lokacin tafiya, kuɗin mota da haɗarinsa.