Kaligirafiti: Yadda rubutun Larabci ya bar takarda ya hau bango

Kaligirafiti salon zane ne da ya haɗa fasahar ƙawata rubutun Larabci da zanen bangon titi, irin wanda matasa ke yi da fentin feshi. Tsohuwar fasahar tana da tsauraran ƙa'idoji. Tun ƙarni na 10 Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza, ya tsara auna kowane harafi da ɗigon alƙalami, kuma ɗalibi kan yi shekaru gaban malami kafin a ba shi ijaza. Masu sabon salon sun riƙe siffar haruffan, amma sun sassauta ma'aunin.

Fitacce a cikinsu shi ne eL Seed, ɗan asalin Tunisiya da aka haifa a Faransa a 1981. A 2012, lokacin da ake zaman doya da manja tsakanin masu zane da wasu 'yan Salafiyya bayan juyin juya halin ƙasar, ya rubuta aya ta 13 ta Suratul Hujurat a jikin hasumiyar Masallacin Jara da ke Gabes, da amincewar limamin masallacin.

Aikinsa mafi girma yana Manshiyat Nasr a Alƙahira, unguwar masu kwashe sharar birnin, waɗanda akasarinsu Kiristoci Kibɗawa ne. Su ke tattara bola gida-gida, su tsince abin da za a sake sarrafawa, amma ana yi musu kallon ƙazamai. A 2009 gwamnatin Masar ta karkashe aladun da suke kiwo da ragowar abinci, bisa hujjar murar aladu. A 2016 eL Seed ya shimfiɗa rubutu guda a kan gine-gine kimanin 50, da kalaman Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariyya na ƙarni na 4. Wanda ke cikin lungunan unguwar guntaye kawai yake gani. Rubutun ba ya haɗuwa sai an hau dutsen Muƙaɗɗam an tsaya a wuri ɗaya.

Masu riƙo da tsohuwar hanya na ƙorafin cewa haruffan kan sarƙe har su gagara karantuwa, kuma suna da hujja. Fenti ma bai ƙara wa mai kwasar bola ko sisi ba. Sai dai ya sa kafafen labaran duniya sun leƙa unguwar da wani ido. A 2017 eL Seed ya samu kyautar UNESCO da Sharja kan al'adun Larabawa.