Dutsen Alaska da yunwar Kakalaba

A shekarar 1913 damina ta yi gardama a ƙasar Hausa. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri, gero da dawa suka bushe a gona. Kafin damina ta gaba rumbuna sun ƙare, mutane suka bar garuruwansu suka nausa kudu neman abinci. Wannan ita ce yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta yi ɓarna a Kano da Katsina da Daura da kudancin Nijar.

Masana tarihi sun daɗe suna bayani a kanta. Turawan mulkin mallaka ba su sassauta haraji ba, ga shi jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma da yawa sun koma shuka gyaɗa saboda kuɗinta. Duk wannan gaskiya ne. Amma me ya hana ruwan sama zuwa tun farko? Wani ɓangare na amsar yana can Alaska, a ƙuryar arewacin Amurka.

Ranar 6 ga Yuni 1912 dutsen Novarupta, a yankin Katmai, ya fara aman wuta. Ya yi kusan awa 60 yana yi, kuma babu wanda ya kai shi girma a duk ƙarni na 20. A garin Kodiak, mai nisan kamar kilomita 160, rana ta koma dare, toka ta taru har rufin gidaje suna ruftawa, mutane suna numfashi da ƙyar. Tokar dutse fa ba irin ta murhu ba ce. Ɓarɓashin dutse ne da gilashi, mai kaifi, ba ya narkewa a ruwa. Ya fi ƙurar hunturu da muka saba da ita cutar da ido da huhu, kuma idan ya shiga injin jirgin sama yana narkewa ya toshe shi. Shi ya sa a Afrilun 2010 aka soke tashin jirage kusan 100,000 lokacin da wani dutse ya yi aman wuta a Aisilan, har matafiya daga Najeriya zuwa Turai suka maƙale.

To amma toka tana da nauyi, cikin kwanaki ko makonni take saukowa ƙasa. Abin da ke daɗewa a sama shi ne iskar farar wuta da ke fita tare da ita. Idan aman ya yi ƙarfi, iskar nan tana haurawa sama da inda gajimare ke tsayawa, inda ruwan sama ba ya iya wanke ta. Can sai ta zama ƙananan ɗigo masu mayar da hasken rana baya, ta yi shekara ɗaya ko biyu. Ba a yi wata guda da aman Novarupta ba, masu auna hasken rana a Aljeriya suka ga ya ragu.

Ga inda abin ya shafi manomin Masama ko Kalgo. Daminarmu ɗamara ce ta gajimare da ke tasowa daga tekun Atlantika ta hauro arewa, tana bin ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. Ƙasar Gwandu da Sakkwato suna kusa da bakin inda take tsayawa. Idan hazon farar wuta ya rufe arewacin duniya kawai, arewa ta ɗan yi sanyi, sai ɗamarar ta kasa haurowa yadda ta saba. Mutumin Ibadan ba lalle ya ji komai ba. Mu da ke gefen tabarma, an ɗan ja ta, sai mu tsinci kanmu a ƙasa.

A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a hukumar kula da yanayi ta Birtaniya suka duba ruwan saman yankin Sahel daga 1900 zuwa 2010. Cikin damina huɗu mafiya bushewa, uku sun biyo bayan babban aman wuta a arewacin duniya. Ɗaya ita ce ta bayan Novarupta. Sauran sun biyo bayan dutsen El Chichón na Meziko, wanda ya fashe a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1982. Manyanmu ba su manta da farin 1983 da 1984 ba. A Nijar yunwar ta samu sunan Buhari, don ta zo daidai lokacin da gwamnatinsa ta rufe iyaka.

A ganina bai kamata a ɗora wa dutse duka laifin ba. Misali uku ba su da yawa, kuma farin 1972 zuwa 1973 ya zo ba tare da irin wannan aman ba. Zafin ruwan teku da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka su ma suna da hannu. Sai dai gwajin da su Haywood suka yi a kwamfuta ya nuna abu ɗaya da tarihi: hazo a arewa yana busar da Sahel, hazo a kudu yana ƙara mata ruwa. Wannan ya sa shawarar da wasu ke kawowa, ta a fesa irin wannan hazon a sama da gangan don rage ɗumamar yanayi, ta zama maganar da ta shafi Kebbi kai tsaye. Idan aka fesa shi a arewa kaɗai, Novarupta aka sake yi da hannu.