Ciwon da mata ke ɓoyewa: tarihinsa da maganinsa

Mai karatu, ka san yoyon fitsari, don ana maganarsa a rediyo. Amma akwai ɗan uwansa da ba a cika faɗi ba, shi ne yoyon bayan gida. Mace ta haihu, daga nan ba ta iya riƙe iska ko kashi, ko kuwa su dinga fito mata ta gaba.

Hanya biyu ce ke kawo shi. Ta farko doguwar naƙuda ce. In kan ɗa ya tokare kwana biyu ko uku, yakan matse naman uwa jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, sai kafa ta buɗe tsakanin hanyar haihuwa da hanyar bayan gida. Ta biyu kuma, gaban mace ya tsage wajen haihuwa har ya kai ga naman da ke tsuke dubura, ba a ɗinke shi daidai ba. Ka ga ke nan ba aikin iskoki ba ne, ba sammun kishiya ba ne.

Irin wannan rauni tsohon abu ne. A 1935 wani masani a Alƙahira ya duba gawar Henhenit, matar wani Fir'auna, wadda ta rasu shekara kamar 4000 da suka wuce. Ya tarar mafitsararta a huje, irin hujewar naƙuda. Ashe ko matar sarki ba ta tsira ba.

Yadda aka gano ɗinkin abin tausayi ne. A 1845, a jihar Alabama ta Amurka, an kai wa wani likita, Marion Sims, wata baiwa baƙar fata mai suna Anarcha. Shekararta kamar 17, ta yi kwana uku tana naƙuda, ta sami yoyo iri biyu, na fitsari da na bayan gida. Sims ya yi ta gwaji a jikinta da na waɗansu bayi, ba maganin barci, su kuwa ba su da ikon cewa a'a. Anarcha kaɗai an yi mata aiki wajen sau 30. Sai a 1849 ya ce ɗinkin ya kama, da ya yi shi da zaren azurfa. Sims ya yi suna, an kafa masa gunki a New York. A 2018 aka ɗauke gunkin daga inda yake, saboda an tuna da wahalar matan nan.

A ƙasashen Turawa yoyon doguwar naƙuda ya kusa ƙarewa, da yake mata sun sami asibiti kusa da fiɗar cire ɗa. A Afirka ya yi saura. A 1959 likitoci biyu, Reginald Hamlin da matarsa Catherine, suka taso daga Ostareliya suka sauka Habasha. A 1974 suka buɗe asibitin masu yoyo a Addis Ababa, inda ake aiki kyauta. A Katsina, wani likita ɗan Holand, Kees Waaldijk, ya soma wannan aiki a Babbar Ruga wajejen 1984, ya horar da likitoci da yawa. A nan Nijar, gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, kuma a 2012 aka buɗe asibitin masu yoyo a Danja, kusa da Maraɗi.

To, magani ya samu, abin da ya rage kunya ce. Mai wannan ciwo takan rage cin abinci don kada ta ɓata zane. Ta daina zuwa buki da kasuwa, alwala ma ta zama mata abin damuwa. Wata miji ya koma da ita gidan iyaye. Wata ta je asibiti ta faɗi na fitsari, ta ɓoye na bayan gida. Likita kuwa sai an gaya masa inda ke ciwo.

Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma wannan har da maza, don su ke ba da izinin tafiya da kuɗin mota. Naƙuda in ta kai wuni ɗaya ɗa bai fito ba, a tafi asibiti, kada a jira. Wadda ciwon ya riga ya kama, ko ya shekara goma, ta je a duba ta, da yawa sun warke. Kai da ka iya karatu, karanta wa mutanen gidanku wannan.