Kakana Di'o ne, amma na kalankuwa

1/
Har ya rasu, kowa a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi Di'o yake kiran kakana. Mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ina yaro na ɗauka tsokana ce kawai. Ashe sarauta ce, a filin kalankuwa aka naɗa shi. Ku biyo ni.

2/
Abin da ya tono min zancen ma abin dariya ne: finafinan Koriya. Garin bin diddiginsu na ci karo da wani bikinsu, Baekjung, da ake yi ran 15 ga wata na 7 a lissafinsu na wata, galibi cikin Agusta. An gama noman ƙarshe, sai a wanke fartanyu a rataye. Masu gona su ba barorinsu hutu da kuɗi da abinci, wanda ya fi ƙwazo a ɗora shi kan sa a zaga gari da shi.

3/
A garin Miryang har rawa suke yi ta kwaikwayon masu sarauta, talaka ya samu ranar dariya. A 1980 gwamnatinsu ta sa wasan cikin kayan gadon ƙasa da ake karewa. Da na ba Iya labari a waya sai ta ce, "Maigidan, ai kalankuwa kake faɗa min."

4/
Sai dai lokacin ya bambanta, kuma da dalili. Mu Agusta marka ce. An yi maimai, an yi huɗa, amma rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Wa zai yi biki da yunwa? Ɗan abin murnar shi ne tumu, a karyo sabon gero a gasa a murje. Biki sai kaka, bayan dami ya shigo gida an sayar da gyaɗa.

5/
Kalankuwa ta samari da 'yan mata ce, waɗanda suka sha gayya da damina. A nan arewacin Kano gona na jikin gona, gari na hango gari, don haka goron gayyata ba ya wuyar kaiwa. Baƙi su zo a raba su gida-gida, a yi kwanaki ana kiɗan kalangu da kokawa da dambe.

6/
To ga inda tarihi ya shigo. Samarin sukan kafa hukuma sukutum. Akwai Sarki da Alƙali, sannan ga Gwamna, Razdan, Di'o, likita da 'yan doka. Ka yi faɗa a fili ko ka yi wa budurwa rashin kunya, a kamo ka a kai gaban Alƙali, a ci ka tara.

7/
Ku lura da sunayen nan. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji kuma ya koma sai da kuɗi a hannu. Di'o na gaske kan fito rangadi ne a kan ƙidaya da haraji, dagaci na rawar jiki, wanda ya kasa biya ya sha wulaƙanci ko ya gudu. Wannan mutumin da ake tsoro, shi samari suka mayar abin wasa.

8/
Iya ta ce kakana yakan sa gajeren wando da hana-salla, ya shafa farar ƙasa a fuska, ya riƙa gwaranci ta hanci, wani na gefe yana tafinta. Ya duba takarda a juye ya yanka wa akuya haraji. Dagacin gaske na zaune yana dariya. Ita kuma, in ji ta, a nan ta fara kula shi. Ban tambayi ƙarin bayani ba, da kunya.

9/
A ganina wannan ya wuce nishaɗi. Mutanen da ba su rubuta komai ba sun bar mana yadda suka kalli mulkin mallaka daga ƙasa. A aji rahoton Razdan muke karantawa, ba a taɓa kawo mana Razdan ɗin kalankuwa ba.

10/
Me ya kashe ta a wajenmu? Abu ya haɗu. Farin 1973, sai cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, kuɗin kaka ya ja baya. Samari suka karkata ci-rani, gayya ta koma ƙwadago. Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, abin kwaikwayon ma ya tafi. Malamai kuma sun yi wa'azi kan cakuɗuwar maza da mata cikin dare, kuma gaskiya Iya da kanta ta ce an yi ɓarna a wasu shekarun.

11/
Ba cewa nake a dawo da ita yadda take ba. Damuwata, a cikin waɗanda suka yi wasan da kakana mutum biyu suka rage, ɗaya ma ba ya ji sosai. Hutun nan zan je in naɗi muryarsu a waya.

12/
'Yan Tsanyawa, Kunchi, Dambatta da Dawakin Tofa, ku tambayi tsofaffinku waɗanne muƙamai ake naɗawa a garinku, ku ajiye min a ƙasa. Musamman na 'yan mata, don Iya ta ƙi faɗa min nata.