Masallacin Yama: gini na ƙauye a matsayin shaidar tarihi

Duk lokacin da aka tada maganar gine-ginen tarihi a ƙasar Nijar, hankalin masu bincike yakan tafi birane: fadar Sarkin Damagaram, Birnin Zinder, ko tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2013. Ƙauye kuwa sai a bar wa masu nazarin noma. A ganinmu wannan rabon aiki kuskure ne, kuma masallacin Juma'a na Yama, cikin ƙasar Adar a jihar Tawa, ya isa hujja.

A 1962 ne mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, magini kuma manomi ɗan garin. Ginin farko ba shi da wani ado: ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai masu ɗauke da rufi. Aikin gayya aka yi. Wasu na buga tubali, wasu na saro itace, mata na jido ruwan kwaɓa ƙasa. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi bisa bakuna, ya tada tulluwa a tsakiya. Abin lura a nan shi ne dabarar: maimakon azara ta giginya da maginan birni suka dogara da ita, sai ya ɗaure sanduna dami-dami, ya lanƙwasa su, ya lulluɓe da ƙasa. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan.

Za a iya cewa ginin da bai daɗe da wuce shekara 60 ba bai kai a kira shi na tarihi ba. Wannan ma'auni ne da aka aro daga ƙasashen da ke gini da dutse. Ginin ƙasa ba ya tsayawa yadda aka bar shi. Damina na cin sa, ana sake yaɓe, mai yaɓen kuma yakan bar hannunsa. Tsohon abu a Yama ba bangon ba ne, ilimin baka da tulluwa ne, wanda ya daɗe a fadoji da masallatan Hausa kafin manomi ya mai da shi na garinsu. Saboda haka madogarar mai bincike tana bakin magina da almajiransu, waɗanda ba su bar rubutu ba, kuma tsofaffinsu suna ƙarewa.

Haɗarin ba na nesa ba ne. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Zinder na ƙarni na 19, a tsakiyar birni, a idon hukuma. To, ina ga na ƙauye? Can abin da ya fi ruwa ɓarna shi ne kuɗin ɗan gari da ya samu wadata, ya ga siminti ne kaɗai ya dace da ɗakin Allah. A Dandaji an bi wata hanya: Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa, aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin ya ƙare a 2018, kuma da maginan yankin aka yi gyaran.