C. S. LEWIS: MARUBUCIN DA YA SAƘA IMANINSA CIKIN TATSUNIYA

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa duk inda marubuta suka taru, wato ko ya dace mai ƙaga labari ya shigar da addininsa cikin abin da yake rubutawa, in kuwa ya dace, ta yaya zai yi labarin bai rikiɗe ya zama huɗuba ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu leƙa tarihin wani marubuci Kirista, Clive Staples Lewis, wanda ya rubuta littattafai 7 na ƙasar Narniya, domin shi ma ya sha fama da wannan tambaya.

ƘURUCIYA DA BARIN ADDINI

An haifi Lewis a birnin Belfas na ƙasar Ailan ranar 29 ga Nuwamba, 1898. Mahaifinsa lauya ne, gidansu kuma cike yake da littattafai. Tun suna ƙanana shi da yayansa Warren suka ƙagi wata ƙasa ta dabbobi masu magana suna rubuta tarihinta. A 1908 ciwon daji ya kama mahaifiyarsu, yaron ya yi ta addu'a ta warke, amma ta rasu yana ɗan shekara 9. Ba a jima ba aka tura shi makarantar kwana a Ingila, kuma kafin ya cika shekara 15 ya daina yarda da samuwar Allah gaba ɗaya.

Daga nan ya zauna hannun wani tsohon malami, William Kirkpatrick, wanda shi ma ba ya addini, ya koya masa kada ya faɗi magana sai da hujja. Sai dai a 1916 ya sayi wani littafi a tashar jirgin ƙasa mai suna Phantastes, na George MacDonald, ɗan Sikotilan wanda ya taɓa zama limamin coci a Ingila. Labarin duniyar aljanu ne. Daga baya Lewis ya bayyana cewa littafin ya riga ya shiga zuciyarsa shekaru masu yawa kafin ƙwaƙwalwarsa ta sallama.

A 1917 ya shiga soja, ya isa fagen daga a Faransa ranar da ya cika shekara 19. A watan Afirilu na 1918 aka ji masa rauni. Abokinsa Paddy Moore bai dawo ba, kuma saboda alkawarin da ke tsakaninsu Lewis ya riƙe mahaifiyar abokin nasa har ta rasu a 1951.

HIRAR DAREN SATUMBA

Bayan yaƙi ya kammala karatu a Jami'ar Oksfod, aka ɗauke shi koyar da adabin Ingilishi a Kwalejin Magdalen a 1925. A shekarar da ta biyo ya haɗu da J. R. R. Tolkien, ɗan ɗariƙar Katolika, wanda shi ma ya ƙwallafa rai a kan tatsuniyoyin mutanen da. Wajen 1930 Lewis ya yarda akwai Allah, amma bai karɓi Kiristanci ba tukuna.

Wani dare cikin Satumba, 1931, shi da Tolkien da Hugo Dyson suka yi ta zagaya harabar kwalejin suna musu har kusan asuba. Ra'ayin Lewis a lokacin shi ne tatsuniya ƙarya ce, ko da kuwa an yi mata ado. Abokan nasa suka nuna masa cewa in ya karanta labarin wani gwarzo da ya ba da ransa don wasu a tatsuniyoyin Girkawa ko na Turawan Arewa sai jikinsa ya yi sanyi, amma in ya ci karo da irin labarin a Linjila sai ya tsaya neman hujja. Suka ce a wurinsu labarin Almasihu yana aiki a zuciya kamar tatsuniya, illa dai shi sun yi imani ya faru a tarihi. Bayan 'yan kwanaki, a kan hanyar zuwa gidan namun daji na Whipsnade a gefen babur ɗin yayansa, Lewis ya karɓi wannan aƙida. Ya koma Cocin Ingila, abin da bai yi wa Tolkien daɗi ba, don ya so ya bi shi Katolika.

Su ne suka zama ginshiƙan wata 'yar ƙungiyar marubuta mai suna Inklings. Duk daren Alhamis sukan taru a ɗakin Lewis, kowa ya karanta abin da yake rubutawa, a yaba, a kuma soke shi ba sani ba sabo. A nan aka fara jin babobin The Lord of the Rings, kuma Tolkien ya amsa cewa ƙarfin gwiwar da Lewis ya dinga ba shi ne ya sa ya kai littafin ƙarshe.

YADDA NARNIYA TA SAMU

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Lewis ya yi suna wajen bayanin addini a rediyon BBC tsakanin 1941 da 1944, jawaban da aka tattara a littafin Mere Christianity a 1952. Saboda haka mutane da yawa sun ɗauka zama ya yi ya tsara darussan addini, sannan ya nemo musu labari. Shi da kansa ya musanta haka. Ya ce hoto ne ya fara zuwa masa tun yana ɗan shekara 16: wata halitta rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima da ƙunshin kaya, tana tafe cikin daji mai dusar ƙanƙara. A 1939 aka kawo yara gidansa daga Landan don gudun bama-baman Jamus, sai hoton ya samu yaran da za su shiga cikinsa. Zakin, in ji shi, daga baya ya faɗo cikin labarin ya haɗa kan sauran.

A 1950 aka buga The Lion, the Witch and the Wardrobe. Yara huɗu sun bi ta cikin kabad ɗin tufafi sun ɓulla ƙasar da wata matsafiya ta tsayar da hunturu shekara 100. Ɗayansu, Edmund, ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewa da sarauta, dokar ƙasar kuwa ta ce jinin maci amana na matsafiyar ne. Sai zaki Aslan, wanda sunansa ke nufin zaki da Turkanci, ya miƙa kansa aka yanka shi a kan teburin dutse a madadin yaron, da gari ya waye ya tashi. Duk wanda ya san aƙidar Kirista game da fansa zai gane inda aka dosa. Amma Lewis ya ce tambayar da ya yi wa kansa ita ce: a ce akwai duniyar dabbobi masu magana, a wace siffa Almasihu zai bayyana cikinta? Ya kuma ba da dalili, cewa yana yaro yawan ce masa dole ya ji kaza game da addini shi ya kashe masa jin komai, don haka ya nemi hanyar da yaro zai so Aslan tun kafin a gaya masa ya so shi.

Littattafai 6 suka biyo baya, ɗaya kowace shekara. The Magician's Nephew na 1955 ya kawo halittar Narniya, a ciki kuma akwai yaron da ya samo tuffa ya warkar da mahaifiyarsa da ke kwance, abin da Lewis bai samu ba a 1908. The Last Battle na 1956 ya kawo tashin duniyar da hisabi, ya kuma ci lambar yabo ta Carnegie.

SUKA DA JARRABAWA

Tolkien bai so littattafan ba, yana ganin an yi su cikin gaggawa an kuma gwamutsa tatsuniyoyin al'ummu daban-daban. Akwai sukar da ta fi wannan nauyi. Abokan gaban Narniya, mutanen Kalomen, an siffanta su da duhun fata da rawuna da lanƙwasassun takubba, suna bautar gunki, suna cinikin bayi. Gaskiya ne akwai nagari cikinsu, kamar Aravis da Emeth, amma masu nazari da dama suna ganin tsohon kallon raini ne da Turawa ke yi wa mutanen Gabas, kuma a ganina suna da hujja. Marubucin da ya yi taka-tsantsan wajen shigar da imaninsa bai lura son zuciyar zamaninsa ya biyo ta wannan ƙofa ba.

A 1954 ya koma Jami'ar Kambirij a matsayin farfesa. A 1956 ya auri Joy Davidman, marubuciya Ba'amurkiya, wadda ciwon daji ya yi ajalinta a 1960. A littafin A Grief Observed na 1961, wanda ya fitar da sunan aro, ya zayyana fushi da shakkun da suka taso masa bai ɓoye ba, duk da cewa bai bar imaninsa ba. Ya rasu ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka, shi ya sa jaridu ba su ko kula da mutuwarsa sosai ba. An sayar da littattafan Narniya fiye da miliyan 100.

KAMMALAWA

'Yan'uwa marubuta, ba sai mutum ya yarda da aƙidar Lewis zai amfana da tarihinsa ba. Sau da yawa in ina duba labaran ɗalibaina nakan tarar tauraro ya tsaya tsakiyar labari yana nasiha shafi biyu, alhali mai karatu ya ƙagara ya ji abin da ya faru. Lewis bai tsayar da labari ya ce cin amana laifi ne ba, ya bar mu ne mu bi Edmund cikin sanyi da nadama har mu ga abin da aka biya a kansa. Ya kuma kai rubutunsa gaban abokan da ba sa jin kunyar cewa bai yi ba. In muna son abin da muka yi imani da shi ya isa ga mai karatu, to mu fara gyara labarin, mu riƙa karanta wa juna kafin mu garzaya maɗaba'a, mu kuma sake duba yadda muka siffanta mutanen da ba namu ba.